Ajiyar Kaka a Gwangwanin Madara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, Kaka ta tafi. Mahaifiyar Mamana, wadda ta goye ni ta goye rabin yaran layinmu, Allah ya karɓi abarsa ranar Talata da hantsi. Ba ta yi wata jinya ba. Ta sha shayinta, ta yi wa Mama faɗa wai an cika sukari, ta jingina da bango ta ce bari ta ɗan huta. Halas, shi ke nan.

Masu turo min saƙo kuna cewa ke kam ko a gidan makoki sai an ga haƙoranki, na gani, kuma ban musa ba. Na yi kuka har idona ya koma kamar tumatir. Amma yau da nake danna wannan rubutun a waya, wallahi murna ta fi yawa a raina. Na san labarin gwangwani ya riga ya zaga unguwarmu Waziriyya a nan Jidda, ya leƙa kasuwar Bab Makka, har wata 'yar uwarmu ta kira daga Kano tana rage murya tana cewa, "Wai da gaske ne?" To ku zauna, ga shi daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Kafin la'asar ɗin ranar farko gidanmu ya cika maƙil. Takalma tun daga ƙofar falo har matakala. Wata 'yar Nijar mai sayar da turare a Bab Makka ta riƙe hannun Mama tana cewa, "Wata huɗu na kwana a ɗakinta lokacin da na zo umara ban san kowa ba, kuma kullum sai ta ce min ban iya shara ba." Aka yi dariya cikin hawaye, don duk wanda Kaka ta taimaka sai ta ɗora masa da faɗa. Wata tsohuwa da suka zauna tare a tsohuwar unguwarmu Nuzla ta ce, "Yanzu wa zai gaya min gaskiya in kwana ina jin haushi?" Wata kuma ta ce ranar da ɗanta ya rasu, babu maganar da ta shiga kunnenta sai labarin riɗi da Kaka ta ba ta. Mata suka ɗauka, "Ai ni ma ta ba ni, ni ma ta ba ni."

Ana cikin haka Inna, ƙanwar Mama, ta hau saman bene ɗauko manyan tukwane a ɗan ɗakin ajiyar da ke can. Ta sauko da tukwane, ta sauko da wani tsohon gwangwanin madara, irin babban nan. Ita a zatonta turaren wuta ne Kaka ta adana. A tsakiyar falo, gaban mata sun fi talatin, ta ɓalle murfin da cokali, ta warware farin ƙyallen da ke ciki, sai kawai ta saki ƙara ta yi wurgi da komai.

Mutum-mutumi ne na katako, bai fi tsawon tafin hannu ba. Yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, ido a lumshe, kunnuwa dogaye, hannu ɗaya a cinya, ɗayan ya sauka yatsunsa na taɓa ƙasa. Ya gangara ya tsaya daidai gaban filas ɗin shayi.

"A'uzu billahi!"

"Gunki! Gunki a gidan Hajiya!"

Na ji da kunnena wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ashe dai da 'yan bori take." Wata ta fara laluben takalminta.

Kawu, yayan Mama, ya shigo daga wajen maza. Kawu mutum ne mai gemu mai kwarjini, in ya yi gyaran murya har kyanwa sai ta canza hanya. Ya kalli abin, fuskarsa ta canza, ya ce, "Ku ba ni guduma."

Ban san lokacin da na yi tsalle na dafe shi na rungume ba.

"Kawu, ba nata ba ne! Ajiya ce!"

"Ke rufe min baki, 'yar danne-danne. Ajiyar wa?"

"Ta Khala. Khalar Sirilanka, wadda suka yi aiki tare."

"Matar da ta bar ƙasar nan shekara nawa? Ke ce shaida?"

"Ni ce."

Ya yi wani murmushi da ya fi mari zafi. Kuma da gaskiyarsa. Ni ce ta gidan da ba a ɗauka da nauyi, mai sa wa hoton kowa kunnen zomo ta tura guruf, mai karatun zane a kwamfuta wanda har yau Kawu bai yarda karatu ba ne. Ya ce, "Kwana uku ake zaman nan. Ranar da aka naɗe tabarmi, in ba ki kawo min mai shi ta faɗa da bakinta ba, zan farfasa shi, kuma kada in ƙara jin zancen." Matsalar ita ce, ko ya farfasa, zancen ba zai mutu ba. Za a ce an binne Hajiya an kuma binne asirinta. Sunan Kakata ne a ƙasa, kusa da filas ɗin shayi.

Bari in gaya muku wacece Kaka, sannan ku yi hukunci.

Aikin hajji ya kawo su ita da Kakanmu namiji tun Kawu na goye. Suka zauna, ya yi 'yan shekarunsa ya rasu, ya bar ta da yara huɗu ba takardar iƙama ta zaman ƙasa, ba kafilin da zai tsaya mata. Ta samu aikin girki a wani babban gida can arewacin Jidda, tana fita da sassafe ta dawo Nuzla da dare. A kicin ɗin gidan ta tarar da wata siririyar mata 'yar Sirilanka, ita a gidan take kwana. Kaka tana ce mata ƙanwata, ita tana ce wa Kaka Hajja, mu kuma da muka taso muka tarar ana ce mata Khala, wato goggo da Larabci. Da gurguwar Larabci suke magana, wadda su biyu kaɗai ke ganewa. Addinin Buddha take bi. Kaka ba ta taɓa iya faɗin sunan ba, sai dai ta ce "malamin nasu."

Shekara ashirin suna kicin ɗaya, kuma kullum cikin musu. Khala ta gaya mata abubuwa biyar aka hana su: kisa, sata, zina, ƙarya, da abin maye. Kaka ta ce, "Huɗu ai namu ne kuka ara. Na kisan ne ban gane ba, har da kyankyaso?" Har da kyankyaso. Kaka na ɗaga silifa, Khala za ta riga ta da kofi ta kife shi, ta fita da shi waje kamar baƙon da ake rakiya. Amma kuma tana cin kifi. Kaka ta ce, "Shi kifin, shi ya kashe kansa don ki ci?" Khala ta ce ba ita ta kama ba. Kaka ta ce, "Kin ji malamai."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke yi in wata ya cika. Kaka ba ta wasa da azumin kwana uku na tsakiyar wata. Ita kuma Khala, ranar da wata ya cika fari take sawa, kuma daga rana ta take tsaka ba ta ƙara sa komai a baki sai washegari. To ga girkin gidan mutane, dole a ɗanɗana gishiri. Sai suka raba. Miyar rana Khala ke ɗanɗanawa kafin azahar, Kaka na tsaye a kanta da ludayi tana cewa, "Faɗi gaskiya, addininku ya hana ƙarya." Ta dare kuma a jira a kira magariba, Kaka ta sha ruwa ta ɗanɗana, Khala na jira da gishiri a hannu. Kaka ta ce a duk shekarun nan Madam, matar gidan, ba ta taɓa dawo da miya ba ranar cikar wata. Sauran ranaku kam tana dawowa da ita.

Yadda na san da gwangwanin kuwa, laifina ne, kuma ban ji kunya ba. Shekarar da rushau ya zo Nuzla muka kwaso muka dawo nan Waziriyya, Kaka ta bar gadonta na ƙarfe, ta bar kabad, ta ce duk a bayar. Amma wannan gwangwanin ta naɗe a tsohon zane ta ɗora a cinya har muka iso. Na ce a raina, yawwa, zinare. Wata rana da azahar na lallaɓa sama, na buɗe, na ɗan ɗaga ƙyallen, na yi ido huɗu da kan katako. Sai na ji murya a bayana.

"To, kin ga zinaren?"

Na kusa faɗowa daga bene.

Ta sa na mayar na rufe, ta zauna kan bokitin da aka kife, ta ba ni labari. Ta ce wata rana Madam na duba ɗakin 'yan aiki ta gan shi ƙarƙashin matashi. Ta kira Kaka ta ce, Hajja, ɗauki ki kai bola. Kaka ta ce, "Na ɗauka. Ƙanwata na tsaye bakin ƙofa, ba ta roƙa ba, ba ta yi kuka ba. Ubanta ne ya sassaƙa shi da hannunsa, da reshen bishiyar gidansu, ya ba ta ranar da za ta hau jirgi. Kuma ya mutu tana nan ba ta gan shi ba. Na je bakin bolar na tsaya. Sai na sa shi a jakata. Washegari na ce mata, yana wurina, ranar da za ki tafi gida ki zo ki karɓa."

Na ce, "Kaka, ba ki ji tsoron Allah ba?"

Ta harare ni. "Ke da kika zo satar zinare ce za ki tuna min tsoron Allah? Na san mala'iku ba sa son gidan da ke da irinsa, shi ya sa bai taɓa kwana ɗakin da nake salla ba. Yana can sama da tukwane da gawayi. Ban taɓa kwance ƙyallensa ba. Ni ba addininta na riƙe mata ba, kayan ubanta na riƙe mata. Na ce zan ba ta. Na faɗa, Allah ya ji."

Kada ku ce lafiya lau aka yi ta tafiya. Sun yi faɗa, babba. Ranar hutunta ta farko bayan Kaka ta karɓi ajiyar, Khala ta zo Nuzla da farin fure a leda da 'yar fitilar mai. Kaka ta tare ƙofa.

"Ina za ki da wannan?"

"Sama, Hajja. Kaɗan kawai."

"Ajiya na karɓa, ban buɗe miki wurin ibada a kaina ba."

Khala ta yi ta bayani, wai su ba Allah suka ɗauke shi ba, malami ne da ya nuna hanya ya wuce. Wai furen ma ana ajiyewa ne don a zauna a kalle shi yana yaushi, a tuna jikin mutum haka zai yi. Kaka ta ce, "In yaushi kike son gani, kalli fuskata, kyauta ne." Khala ta juya da furenta ta tafi. Wata biyu suna kicin ɗaya ba mai ce wa wata uffan. In ɗaya na son wuƙa sai ta buga cokali a tukunya.

Abin da ya raba faɗan shi ne rasuwar autan Kaka, ƙanin su Mama, a hatsarin mota a hanyar Makka. Kaka ta daina ci, ta daina magana, kullum sai "me ya sa nawa." Khala ta roƙi Madam rana ɗaya, ta zo cikin fararen kaya, don su fari ne kayan makokinsu. Ta zauna a ƙasa gaban Kaka ta ba ta wani labari nasu: wata mata ɗanta ya mutu, ta ɗauke shi tana yawo tana neman magani, har ta je wurin malamin nasu. Ya ce zai duba, amma ta samo masa 'yan ƙwayoyin da ake sa wa miya, daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gida gida. Kowa na da ƙwayar, kowa na son ba ta, amma babu gidan da bai taɓa fitar da gawa ba. Da yamma ta je ta binne ɗanta. Kaka ta ce a ranar ta fara yin kuka na gaske, ta tashi ta yi alwala, ta ci abinci.

Wannan shi ne labarin riɗin da kuka sani. Kaka ce ta mayar da ƙwayar riɗi, ta mayar da malamin "wani dattijo", ta yi ta bayarwa a gidajen makoki, tana rufewa da cewa kowane rai sai ya ɗanɗana, a yi haƙuri a yi salati. Na ga masu zaton daga bakin wani shehi ta ji. To yau kun san kicin ɗin da aka dafa shi.

Bayan haka, in Khala ta zo sai ta hau sama ita kaɗai, ba fure ba fitila, ta goge abinta ta ɗan zauna shiru ta sauko. Kaka na ƙasa da carbinta, ba ta tambaya. Amma duk zuwa sai ta ce, "Ƙanwata, yaushe za ki yi shahada in huta?" Khala ta ce, "Bukra, Hajja," wato gobe. Goben ba ta zo ba. Kaka ta riga ta bar aiki lokacin da Khala ta faɗi a kicin da ciwon ɓarin jiki, aka sa ta a jirgi aka mayar da ita gida. Sai bayan sati biyu Kaka ta ji. Lambar da muke da ita ta mutu. Ajiya ta zauna.

Ranar da ta ba ni labarin nan a saman bene na ce mata, "Kaka, ai yanzu ba a ɓata, zan nemo miki ita a waya." Na rubuta sunan, mata dubu suka fito, na gaji, na koma kallon bidiyon girki. Ta tambaye ni sau biyu, na ce ana nan ana dubawa. Ba a dubawa. Wannan kam nawa ne, kuma shi ya fi ci min rai ranar da na rungume katakon nan a gaban Kawu.

Amma ku ga ikon Allah. Wurgin da Inna ta yi ne ya zubo da abin da ke can ƙasan gwangwanin, wanda Kaka ba ta taɓa gani ba tunda ba ta kwancewa: wani tsohon ambulan na wasiƙa, bayansa da rubutunsu mai lanƙwasa kamar taliyar da aka murɗa. Na mayar da katakon sama na kulle, na ɗauki hotonsa, na haska ambulan da kyamarar fassara. Ta ce min wai "gidan shayi, giwa, hagu." Na ce to, waya ta gaza, sai mutum.

A bayan layinmu akwai shagon wanki da guga, mai gugar ɗan Sirilanka ne, dattijo. Washegari da safe na je. Na nuna masa hoton. Wallahi mutumin nan sai da ya ajiye dutsen guga, ya goge hannu a tawul, ya karɓi wayata da hannu biyu. Wayata da gilashinta ya tsage, ba a taɓa girmama ta haka ba.

Ya ce, "Aikin gida ne wannan, ba na kasuwa ba." Ni ma da idon karatuna na gani: kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sawun wuƙa na nan a bayansa ba a goge ba, amma fuskar, ya Salam, an zauna mata. Kamar mutumin da ya gama duk abin da ya zo yi. Na tambaye shi hannun da ke taɓa ƙasa fa? Ya ce shi Buddha ɗan sarki ne a can ƙasar Indiya, ya fita daga fada ya ga tsoho, ya ga mara lafiya, ya ga gawa, sai ya bar komai ya tafi neman dalilin wahalar mutane. Ranar da ya zauna ƙarƙashin wata bishiya aka ƙalubalance shi wa zai shaide shi, sai ya taɓa ƙasa ya ce ita ce shaida. Na ce a raina, malam, ni shaidata mai magana nake nema, kuma saura kwana biyu.

Ya karanta ambulan, ya ce sunan wani gari ne can cikin duwatsu inda ake noman shayi. Ya tura guruf ɗin 'yan yankinsu. Ni kuma na bi duk shafin da ke da sunan garin, na manna hoton Khala da Kaka ɗaya tilo da muke da shi, suna riƙe da tire ranar wani suna. Na rubuta da Turanci, na sa waya ta juya min zuwa yarensu, ko me ta rubuta oho. Babban yatsana har ya yi zafi. Aka turo min mata uku, babu Khala. Wani ma ya ce yana sona.

Rana ta biyun nan ita ce mai ɗaci. Falo ya yi fili. Waɗanda suka zo ma gaisuwa a tsaye, "Allah ya jiƙanta" a gajarce, su fice. Mama ta ja ni kicin tana hawaye ta ce, "Uwata da goshinta ya yi baƙi don sujada, yau ita ake kallo da wutsiyar ido? Ke in ƙirƙira kika yi ki gaya min tun yanzu." Na ce, "Mama, na yi ƙarya da yawa a gidan nan, amma ban da wannan."

Rana ta uku, ina wanke kofuna, waya ta yi ƙara. Saƙo daga wata mata: "Wannan mahaifiyata ce. Tana nan da rai. Shekara da shekaru tana cewa Hajja, Hajja." Na yi wani ihu sai da Inna ta sake yar da abin da ke hannunta.

Na gaya wa 'yar cewa Kaka ta rasu, ta sanar da tsohuwar a hankali. Muka sa kiran bidiyo bayan azahar. Ni kuwa na ce wannan kiran ba a ƙaramin gilashi za a yi shi ba. Na haɗa wayar da talabijin ɗin falo, na ƙure murya, na aika a kira Kawu. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa, hannu a baya.

Sai ga Khala ta cika bango. Ta tsufa, gashi fari fat, bakinta ya ɗan karkace, tana kan kujera cikin fararen kaya. Ta haɗa hannu ta ce da Hausarta ta kicin, "Sannu. Sannu. Wayyo Hajja." Mama ta fashe da kuka. Khala ta matso da fuska tana leƙen mu ɗaya ɗaya, har ta kai kan Kawu. Ta koma Larabcinta.

"Wannan mai gemun, ba shi ne ɓarawon alawar kwakwata ba?"

Jama'a, falo ya ɗauka. Kawu ya sunkuyar da kai yana shafa gemu, ya ce, "Khala, ina wuni." Amma Kawu ne, ba ya barin zance a tsakiya. Ya ce in ɗauko abin, na ɗauko na ɗaga. Khala ta rufe baki da hannu. Sannan ta ce, "Babana."

Kawu ya ce, "Khala, ki gafarce ni, tambaya ɗaya zan yi a gaban mutane. Hajiya ta taɓa durƙusa masa? Ta taɓa roƙonsa wani abu?"

Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari. "Hajja? Hajja ko kallonsa ba ta yi ba! Ta kore ni da furena kamar akuya. Shekara ashirin tana cewa shahada, shahada, har kunnena ya yi ciwo. An ce ta kai bola, ta kasa, don nawa ne. Shi ke nan laifinta."

Sai matar nan da ta yi zancen bori ta gyara mayafi ta ce, "Ni dama na san Hajiya ba za ta yi ba." Na kalle ta, na yi shiru, don Kaka ta hana ni rashin kunya ga manya. Amma na kalle ta sosai.

Khala ta ce su a al'adarsu ranar bakwai ana dafa abinci a kai wa malamansu da sunan mamaci. Na ga kafaɗar Kawu ta ɗaga. Kafin ya buɗe baki ta ɗaga hannunta mai lafiyar ta ce, "Tsaya, ɓarawon kwakwa. Na san ta. In na kai wurin namu ba za ta karɓa ba, za ta tashi ta yi min faɗa. Akwai masallaci a ƙasan garinmu. Can zan kai."

Kawu ya juya ya fita da sauri, kuma ba wajen maza ya nufa ba, banɗaki ya shiga ya daɗe.

Aka naɗe tabarmi ba a ɗauko guduma ba. Mai guga ya ce wani abokin aikinsa zai tafi hutu ranar Asabar, garinsu ba nisa da na Khala, zai kai mata in mun kai masa masaukinsa. Kawu ya ce, "Ni dai ba zan taɓa shi ba." Na ce ba wanda ya ce ka taɓa. Ya ce, "Kuma ba za ki hau tasi da shi ke kaɗai ba, yalla, shiga mota." Na naɗe shi a ƙyallensa, na mayar gwangwaninsa, na ɗora a cinya. Kawu in yana tuƙi sai ka riƙe hanjinka, amma ranar duk tudun da muka zo sai ya taka birki ya haye a hankali. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Tayar ce ba iska." Tayar lafiyarta ƙalau.

Jiya aka yi bakwai. Da hantsi hotuna suka shigo. Na farko, Khala da gwangwanin a cinya. Na biyu, wani ɗan masallaci mai koren fenti, bayansa duwatsu shar da ganyen shayi, manyan tukwanen shinkafa a bakin ƙofa, maza da huluna sun ɗaga hannu suna yi wa wata Bahaushiya addu'a, wadda ba su taɓa gani ba, ba su ma iya faɗin sunanta daidai ba. Ina shirin turawa guruf ɗin dangi na ga an riga ni. Kawu ne, mutumin da ban taɓa ganin ya tura ko ɗigo ba. A ƙasa ya rubuta: "Uwata ce. Ta sauke amana."

Ya Allah, baiwarka ce, ka fi mu saninta. Ta riƙe amanar wadda ba addininsu ɗaya ba har ta koma gare ka ba ta ci ba, ba ta yar ba. Kai ma ka riƙe mana ita da kyau. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da autanta a Aljanna Firdausi. Wanda ya karanta ya ce amin, wanda kuma ya kai wancan labarin wani gida, don Allah ya koma gidan ya kai wannan.